Kewar Taron da Ba Mu Halarta Ba

Ranar Talata 22 ga Yulin 2025, bayan an idar da sallar isha'i, wayata ta dinga tsuwa ba ƙaƙƙautawa. Zauren WhatsApp ne na 'yan ajinmu na jami'a, zauren da in ka cire sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa da ƙorafin fansho, ba abin da zai saura a cikinsa. Gabana ya faɗi, na ce wa kuma muka rasa? Ashe ba namu ba ne. Ozzy Osbourne ne, mawaƙin Black Sabbath, ya mutu a Ingila yana da shekara 76, kwana 17 bayan wasan bankwanan da ya yi a filin ƙwallo na Villa Park da ke Birmingham, garin da suka tashi. A zaune ya yi wasan, don ciwo ya hana shi tsayuwa.

Abin da ya biyo baya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Dattawa masu furfura, waɗanda in ka gan su a sahun gaba ranar Juma'a ba za ka kawo a ranka sun san wani abu wai shi jita ba, suka kwana suna turo tsofaffin waƙoƙi. Wannan ya turo Santana, wancan ya rama da Deep Purple. Wani tsohon babban sakatare, wanda rabon da in ga haƙoransa tun muna ɗalibai, ya turo Jimi Hendrix har sau uku. Kafin kiran assalatu an yanke hukunci, ko mutum ɗaya bai ja ba: kiɗa ya ƙare tun wajen 1980, abin da yara ke ji yanzu hayaniya ce da kwamfuta ke haɗawa.

Ban sa baki ba a daren. Ina tare da su a kewar, amma hukuncin bai kwanta mini ba. Akwai kuma wata 'yar ƙarya da muka shekara hamsin muna yi wa kanmu, ina ganin lokaci ya yi da wani zai fasa ƙwai.

Kewar dai gaskiya ce, ba zan musa ba. A 1974 na shiga jami'a. Shekarar da ta biyo kuɗin Udoji suka zubo hannun ma'aikata, kowa ya ruga kanti, masu sayen babur na yi, masu sayen rediyo na yi. Yayan abokin ɗakina, akawu ne a Kaduna, ya sayi sabon garmaho mai lasifika biyu, ya sallama wa ƙanensa tsohon. Wannan tsohon garmaho shi ya mayar da ɗakinmu fada. Allurarsa ta cinye, da ta iso tsakiyar faifai sai ta kama tsalle, sai an ɗora mata kwabo ɗaya a ka sannan ta nutsu. Faya-fayenmu gaba ɗaya ba su wuce bakwai ba, biyu ma na aro ne da masu su suka gaji da cigiya. Wanda ya fi shan wahala shi ne Abraxas na Santana, wanda ya fito a 1970. Da gefen tafin hannu ake zaro shi daga kwalinsa, kamar wanzami ya karɓi jariri ranar suna, a hure ƙura, a shafe da wani ƙyalle da aka ware masa shi kaɗai. Mutum goma a ɗakin mutum biyu, wasu a gado, wasu a ƙasa, wani a bakin taga yana gadin kada mai garmahon ya ce an cika masa ɗaki. Ba mai cewa uffan har fuska ɗaya ta ƙare, kimanin minti ashirin, sannan a ja numfashi, wani ya miƙe ya juya.

Da kaset ya yawaita sai wahalar ta sake kama. Rikoda ta cinye zare, a zaro shi a hankali, a zura biro a naɗe. In ya tsinke a roƙi jan farce wajen 'yan mata a liƙa, waƙar ta rasa daƙiƙa biyu har abada. Akwai wata waƙar Dire Straits da har yau in na ji ta a waya sai in ji kamar an yi mata ƙari, saboda a kaset ɗina wurin nan babu shi. Batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana, muryar mawaƙi ta yi ta ja kamar mai jin barci, mu kuwa ba mu fasa ji ba. Kalmomin ma rabi muke ganewa. Turancin littafi muka iya, su kuwa waɗannan mutane haɗiye harufa suke yi, sai a yi mako ana gardama a kan kalma ɗaya, kowa ya rantse nasa ne daidai, babu wurin da za a je a duba.

To, ga ƙaryar. Duk cikinmu, in ka cire mutum biyu da suka je ƙaro ilimi Ingila daga baya, babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan makaɗa a kan dandali. Amma ka saurari hirarmu ka ji. Muna ba da labarin Woodstock kamar da mu aka share filin. An yi taron nan ne a watan Agustan 1969 a wata gona a jihar New York, mutum wajen dubu 400 suka taru. A lokacin ina sakandare da gajeren wando, ƙasarmu tana tsakiyar yaƙin basasa, ko labarinsa ban ji ba sai bayan shekaru. Abin da ya iso mana shi ne faifai da hoton da ke bayan kwalinsa. Sauran duk mu muka ƙera a kawunanmu, kuma mun ƙera shi fiye da yadda yake. Waɗanda suka je sun sha ruwan sama, sun kwana cikin taɓo, abinci ya yanke, hanya ta cushe har sai da aka riƙa kawo makaɗa da jirgi mai saukar ungulu. Hendrix ɗin da muke ɗauka shi ne ƙololuwar taron, sai da safiyar Litinin ya hau dandali, lokacin mafi yawan jama'a sun kama gabansu. Bayan wata goma sha uku ya mutu a Landan yana ɗan shekara 27, tun kafin yawancinmu mu san sunansa. Wato mun soma son mutumin ne yana kabari.

Mafi kusa da Santana ya zo inda muke shi ne Akra, ranar 6 ga Maris 1971, a babban taron Soul to Soul da aka yi don bikin 'yancin Ghana, tare da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner. Nan ma ba mu je ba.

Taron da muka je da ƙafafunmu kuwa, ban taɓa jin wani ya ɗauko zancensa a zauren nan ba. Ni zan ɗauko. Wani daren Asabar ne cikin hunturu, wasu samari biyar daga Gabas suka zo da kayan kiɗansu a bayan wata tsohuwar mota, suka kafa a ɗakin taron ɗalibai. Kuɗin shiga sai da muka haɗa mu uku. Kowa ya ci wando mai faɗin ƙafa, ya taje suma ta tashi kamar kwando. Mai jitarsu siriri ne, rigarsa ta yi masa yawa, ɗaya daga cikin lasifikokinsu kuma an ɗaure ta da igiya. Da ya fara, sai na ji abin a ƙirjina kafin ya iso kunnena, abin da garmahonmu bai taɓa yi mini ba. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Jita ta mutu, murya ta mutu, ɗaki ya yi baƙi ƙirin. Mai ganga bai tsaya ba. Ya ci gaba shi kaɗai a cikin duhu, mutane suka kama tafi suna bin sa, wasu suka kunna ashana, wani ya ɗauko kwalba yana bugawa da mabuɗi. Ba zan iya cewa ga tsawon lokacin da muka yi a haka ba, na dai san da wutar ta dawo sai da wasu suka yi tsaki.

Sunan ƙungiyar ya ɓace mini. Na tambayi mutum huɗu da suka halarci wasan, ba wanda ya riƙe. Amma kowannenmu zai lissafo maka makaɗan Led Zeppelin huɗu ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Wannan shi ne abin kunyar, kuma shi ya sa nake ganin kewar tamu ta karkace.

Don kuwa a shekarun nan Najeriya tana da nata kiɗan rok, ba kwaikwayo kaɗai ba. Bayan yaƙi ya ƙare a 1970, samari suka fito da jita daga Aba da Inugu da Fatakwal da Legas. Akwai The Funkees, waɗanda daga baya suka koma Landan. Akwai BLO, mutum uku: Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu. Akwai Ofege, yaran sakandare ne a kwalejin St. Gregory da ke Obalende, suka fitar da faifansu na farko a 1973 suna sanye da kayan makaranta a ranakun mako. Nan kusa da mu ma, Bongos Ikwue ɗan Otukpo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu, can ya kafa ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai, kuma muryarsa ce ke buɗe wasan talabijin na Cock Crow at Dawn da aka ɗauka a yankin Jos. Mun ji su, mun yi rawa da su, amma a ranmu mun ajiye su a matsayin ƙannen Turawa.

Su Turawan ba haka suka ɗauke mu ba. Ginger Baker, mai gangar Cream, wanda ake sa wa cikin gwanayen duniya, ya keto Sahara da mota a 1971 ya sauka Legas, ya yi faifai da Fela, ya kafa ɗakin ɗaukar murya, ya zauna shekaru yana koyon abin da hannun makaɗanmu ke yi. Paul McCartney na Beatles a Legas ya ɗauki mafi yawan faifansa Band on the Run a 1973, a ɗakin EMI da ke Apapa. 'Yan fashi sun tare shi da wuƙa sun ƙwace kaset-kaset ɗin gwajinsa, Fela kuma ya zarge shi a fili da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da ya ɗauka. Santana ɗin namu ma, waƙarsa Jingo da ya kaɗa a Woodstock ta Babatunde Olatunji ce, ɗan yankin Badagry, wanda ya fitar da ita kusan shekara goma kafin nan. Muna zaune a Zariya da Kano muna mamakin kiɗan da ya tashi daga bakin tekunmu, ya zaga Amurka, ya dawo mana a kwali mai sheƙi.

Sai da aka kwashe shekara talatin sannan aka tono waɗannan faya-faye, kuma ba mu muka tono ba. Kamfanin Soundway na Ingila ya tattara wasu ya fitar a 2008 da sunan Nigeria Rock Special. A 2016 kamfanin Now-Again na Amurka ya fitar da Wake Up You!, haɗe da littafin da Uchenna Ikonne ya rubuta kan tarihin kiɗan. Faifan da muka bari gara ta ci a ɗakin shirgi, yau masu tara kayan tarihi a Turai da Japan ke wawaso a kansa.

Batun cewa kiɗa ya mutu kuwa, na taɓa jin wannan hukunci, a bakin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Hutun farko da na koma gida da kaset, ya tsaya a ƙofar ɗakina ya saurara kaɗan, ya ce, "Kai, wannan koke-koken aljanu fa? Kuɗin da nake aika maka ke nan?" A wurinsa waƙa ta ƙare da Narambaɗa. Shata ma da ƙyar yake lamunta, yana ganin na 'yan duniya ne. Yau Shata ake rubuta wa kundin digiri. Na ba shi amsa a raina, ban furta ba, cewa tsufa ne ke damunsa. Ga shi na kai shekarun da ya kai, na kama kaina ina tsaye a ƙofar ɗakin jikata da irin fuskar tasa. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya gani ko ya ji tsakanin tashen balaga da shekara talatin shi ya fi manne masa. Hausawa sun riga su, da suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A bara ɗin nan gwiwa ba ta ciwo, iyaye suna raye, naira ta fi dala, wadda kake so ba ta auri wani ba tukuna. Kowace waƙa aka kaɗa a irin wannan lokaci dole ta yi zaƙi.

Ba ina cewa ba a yi asarar komai ba. An yi. Mutum huɗu su shiga ɗaki, kowa da abin kaɗawarsa, su yi ta maimaitawa har hannu ya yi kanta, in ɗaya ya kuskure a sake daga farko, wannan horo ne da ke fita a cikin sauti, kuma kunne yana ganewa. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya fi mini ɗakin kiɗa goma da yaro ɗaya ke danna fiyano yana gyara muryar da ba ta iya waƙa ba. Yadda ake saurare ma ya tafi. Jikata tana da waƙoƙin duniya duka a tafin hannunta, amma ban taɓa ganin ta bar ɗaya ta kai ƙarshe ba, kuma ita kaɗai take ji, da abu toshe a kunne. Mu faifai bakwai gare mu, mun haddace har ƙarar tsagar da ke jikinsu, kuma a taro muke ji. In akwai abin da ya cancanci kuka, to wannan ɗakin ne mai mutum goma, kuma ba Bature ne ya gina shi ba.

Su can sun gane kewa haja ce, sun kuma sa mata farashi. Da Led Zeppelin suka sake haɗuwa na dare ɗaya a Landan a Disambar 2007, buƙatun tikiti miliyan 20 aka samu, zauren kuwa bai wuce cin dubu 20 ba. Jaridu sun ruwaito cewa Bruce Springsteen ya sayar wa Sony waƙoƙinsa a 2021 kan kusan dala miliyan 500, na Queen kuma a 2024 suka haura dala biliyan ɗaya. Samarin da suka yi suna da zagin masu kuɗi, yau waƙoƙinsu kadara ce a littafin kamfani kamar fili a Maitama. Ban ga laifinsu ba, guminsu ne. Amma duk lokacin da tsoho irina ya share hawaye ya danna waya, akwai akawun da ke ƙara lamba.

Jikar tawa ce ta ƙarasa karya mini hujjar 'yan ajinmu. Ta same ni ina kallon Hendrix a waya, ta leƙo ta ce, "Tsoho, wai har yanzu wannan bahagon kake kallo? Bari in nuna maka namu." Na ce, "Ke tafi can, amaryar da ba ta iya tuwo ba me ta sani a kiɗa?" Ta karɓe wayar ta kunna mini Mdou Moctar. Buzu ne daga Nijar, da rawaninsa da amawali, shi ma bahago, yatsunsa na gudu a kan jita har sai da na gyara zama. Na bi labarinsa daga baya. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayar birkin keke. Faifansa na farko a Sakkwato aka ɗauka a 2008, da irin salon waƙoƙin fina-finan Hausa na lokacin, waɗanda mu muke rainawa, kuma ta katin waya ya yaɗu daga hannu zuwa hannu a Sahara, kamar yadda kaset ya yaɗu a namu zamanin. Yau yana cika zaure a Amurka da Turai. Ga Bombino ɗan Agadas, wanda ya sha faɗin cewa daga bidiyon Hendrix da Mark Knopfler na Dire Straits ya koyi hannu, kuma shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar Grammy. Ga Tinariwen na Mali da suka ci kyautar a 2012. A Agadas da jita ake bikin aure, a fili, ƙura na tashi, janareta na kuka a gefe. Abin da muke cewa an binne a Birmingham yana nan arewa da mu, tafiyar mota, kuma yawancin masu kaɗa shi za ka yi ciniki da su da Hausa.

Na tura bidiyon zauren 'yan ajinmu. Mutum biyu suka yaba, ɗaya ya ce ai kwaikwayo ne, sauran suka koma zancen fansho.

Makon jiya na sa aka sauko mini da kwalin da ke saman durowa. Kaset 43 na ƙirga. Na Turawan ban damu da su ba, duk suna cikin waya, sun ma fi fita. Amma akwai guda shida da aka ɗauka daga rediyo da wuraren wasa, rubutun jikinsu ya koɗe, kuma ina kyautata zaton a ɗaya daga ciki akwai samarin nan biyar na daren hunturu, don abokin ɗakina ya shiga da rikoda a ƙarƙashin riga. Irin waɗannan babu su a intanet, babu su a kowane kamfani. In namu suka lalace, shi ke nan. Saboda haka ina roƙon tsarata, kafin 'ya'ya su yi shara bayan ranmu, kowa ya buɗe nasa kwalin, ya ware na gida, ya ba wani yaro ya juye masa a kwamfuta, ya kuma rubuta abin da ya tuna: wane gari, wace shekara, su wa suka kaɗa.

Ni matsalata ɗaya, rikodar ta ƙi juyawa, an ce robar cikinta ce ta narke. Mai karatu, in ka san mai gyara a Kano ko Kaduna da har yanzu yake taɓa irin wannan aiki, ka aiko mini da kwatancen shagonsa ta hannun edita.